Yadda Ake Aron Littafi da Aika Maƙala Tsakanin Ɗakunan Karatun Jami'o'i, Daga Ngaundere Har Injamena

Babu ɗakin karatun jami'a a arewacin Kamaru ko a Cadi da zai bugi ƙirji ya ce yana da duk abin da masu bincikensa ke nema. Jami'ar Ngaundere ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, ta Marwa an kafa ta a 2008, ta Garwa kuwa sai a 2022, don haka kantocinsu ba su yi shekarun tara tsofaffin mujallu ba. Ta Injamena ta girme su, tun 1971 take, amma ita ma ba komai ke gare ta ba. Abin da wannan ta rasa yakan kasance a hannun waccan, ko a wata cibiyar binciken noma ta IRAD, ko a laburaren CEFOD da ke Injamena. Ɗalibi bai kamata ya kashe kuɗin mota da kwana uku don shafi goma sha biyar ba. Aikin laburare ne ya nemo masa, kuma shi ne aikin aro tsakanin ɗakunan karatu, wanda ake taƙaita sunansa da PEB a Faransanci.

Aikin kala biyu ne, kuma tun farko a raba su. Akwai aika kwafi, wato maƙala ko babi ɗaya da ake ɗauka da sikana a tura, ba ya dawowa. Akwai kuma aron littafi sukutum, wanda zai hau mota ya je ya dawo. Duk buƙatar da kwafi zai iya biya, kada a motsa littafi saboda ita.

Karɓar buƙata: nan ake cin nasara, nan ake faɗuwa

Mafi yawan buƙatun da ke mutuwa a hanya, tun a teburin karɓa suka kamu da ciwo. Ɗalibi zai zo ya ce yana son "wata maƙala kan muskuwari da wani Bafaranshe ya rubuta". Da wannan babu abin da za a nema. A zaunar da shi a cike takardar buƙata tare. Idan maƙala ce: sunan marubuci, kan maƙalar, cikakken sunan mujalla ba a taƙaice ba, shekara, juzu'i, lambar fitowa, shafin farko da na ƙarshe. Idan akwai lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, wadda kullum ke farawa da 10 da ɗigo, a rubuta ta, don ita kaɗai takan wadatar. Mujalla tana da lambar shaida ta ISSN mai lamba 8, littafi yana da ta ISBN mai lamba 13, ko 10 idan an buga shi kafin 2007. Idan kundin digiri ne, a rubuta jami'a, tsangaya, shekarar da aka kare shi, da matakinsa.

Layi biyu ne ake yawan mantawa. Na farko: a ina ka ga wannan bayanin? A sa ɗalibin ya ɗauki hoton shafin da ya ga sunan aikin, domin kuskuren shekara ko na shafi yakan fito ne daga kwafar hannu, wani lokacin ma daga marubucin da ya ambace shi. Yanzu kuma an samu sabuwar matsala: manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna haɗa wa ɗalibai sunayen maƙalolin da ba a taɓa rubutawa ba, da sunan marubuci na gaske da mujalla ta gaske. Idan DOI bai buɗe komai ba, kuma teburin abubuwan da ke cikin wannan fitowar bai nuna maƙalar ba, a tsaya nan, kada a wahalar da abokan aiki a wani gari. Na biyu: zuwa yaushe kake buƙatarsa? Abin da ya iso bayan ranar kare kundi ya zama ihu bayan hari.

Kowace buƙata ta samu lamba, misali 2025/041, kuma wannan lambar ce za ta bi ta ko'ina: kan saƙo, kan fayil, kan ƙunshi.

A duba gida, a duba na kyauta

Kafin a ɗaga waya, a duba katalog na gida, sannan a je kanta da ƙafa. Inda ake aiki da manhajar katalog irin PMB ko Koha, ba lallai ne an shigar da duk tsofaffin kaya ba, kuma sassa da yawa suna riƙe da kundaye a ofisoshinsu waɗanda babban laburare bai san da su ba.

Bayan haka sai intanet, kuma ga yankinmu akwai rumbunan da suka fi sauran amfani. Horizon Pleins Textes na cibiyar IRD ta Faransa yana ɗauke da ɗimbin bincike kan tafkin Cadi, duwatsun Mandara, kwarin Binuwai da Adamawa, kyauta. A tuna cewa kafin 1998 sunan cibiyar ORSTOM, kuma da wannan sunan tsofaffin ayyuka suke. Agritrop na CIRAD yana da na noma da kiwo. Persée da OpenEdition suna da mujallun tarihi, harshe da zamantakewa. HAL yana da kwafin da marubuta suka ajiye da kansu, theses.fr yana nuna kundayen digirin digirgir na Faransa, DICAMES na hukumar CAMES yana tara kundayen jami'o'in Afirka masu amfani da Faransanci, AJOL kuma mujallun Afirka. Idan akwai DOI, a gwada Unpaywall, zai nuna ko akwai halastaccen kwafi na kyauta.

Neman abu a waɗannan rumbuna yana son sanin sunaye. Dawar rani da Fulani ke kira muskuwari, Hausawa da Barebari su ce masakwa, a Cadi berbere ce, kuma kowace kalma tana fito da nata sakamakon. Injamena kafin 1973 Fort-Lamy ce, tsohon sunan Kuseri Fort-Foureau, na Sar kuma Fort-Archambault. Kundin da aka kare a Injamena kafin 1994 yana ɗauke da sunan Université du Tchad. Sunan mutum ɗaya zai iya zuwa a Mahamat, Mohamed ko Muhammad, Ousmanou ko Usman, musamman ayyukan da aka juyo sunayensu daga Larabci. A gwada duka kafin a ce babu.

Sai Research4Life, tsarin da ke buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu tasowa mujallun da ake saye, wanda ya haɗa shirye-shirye biyar: Hinari na lafiya, AGORA na noma, OARE na muhalli, ARDI na kimiyya da ƙere-ƙere, GOALI na shari'a. Jami'o'in Kamaru da Cadi suna cikin masu damar rajista. Amma a kula, sharaɗinsa shi ne amfanin malamai da ɗaliban cibiyar da ta yi rajista. Sauke maƙala daga can a tura wa wata jami'a karya sharaɗi ne, kuma zai iya jawo a rufe wa jami'a gaba ɗaya. Idan maƙwabta sun roƙi irin wannan, taimakon da ya dace shi ne a nuna musu yadda za su yi tasu rajistar.

Wa ke da shi, kuma wa za a fara tambaya

A fara da na kusa. Dalili ba zumunci kaɗai ba ne: kundayen digiri na biyu, rahotannin ayyukan raya karkara da mujallun tsangayoyi galibi babu su a ko'ina sai inda aka yi su. Kundin da aka rubuta a Dang, harabar Jami'ar Ngaundere, kan kiwon shanun Adamawa, a Dang za a same shi, ba a Turai ba. Tunda ba kowane katalog ne ke kan intanet ba, abin da ke aiki shi ne ɗakunan karatu su riƙa musayar jerin kayansu sau ɗaya ko biyu a shekara, ko da a fayil na Excel ne: jerin mujallu da shekarun da ake da su da giɓin da ke ciki, da jerin kundaye. Giɓin yana da muhimmanci. Rubuta "muna da ita daga 1995 zuwa 2010" alhali fitowa huɗu sun ɓata yana sa a aiko buƙatar da ba za a iya biya ba.

Idan yankin bai da shi, sai Yawunde, Duwala, Cang, sannan waje. Sudoc yana nuna abin da ke ɗakunan karatun jami'o'in Faransa, WorldCat kuma na duniya. Ga maƙala ko babi akwai RSCVD, shirin da ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya IFLA ta fara a 2020 lokacin korona, ya kuma ci gaba: ma'aikatan laburare na ƙasashe daban-daban suna nemo wa juna kwafi kyauta. Laburare ne ke aika buƙata a can, ba ɗalibi ba.

Ƙa'ida ɗaya da ba a karyawa: wuri ɗaya ake tambaya a lokaci ɗaya. Jefa buƙata cikin zauren WhatsApp mai mutum talatin yana haifar da ɗayan biyu, ko mutum uku su ɓata yini suna ɗaukar abu ɗaya, ko kowa ya ɗauka wani zai yi. Zauren yana da amfani wajen tambayar "wa ke da shi?", amma da an samu amsa, buƙatar ta tafi ga mutum ɗaya ta imel na ofis. Saƙon ya zama gajere kuma cikakke, kamar haka:

"Salamu alaikum Malama, barka da aiki. Buƙata mai lamba 2025/041 daga laburarenmu. Muna roƙon kwafin babi na 3, shafi 45 zuwa 68, na kundin da bayaninsa ke ƙasa, tare da shafin take. Don binciken ɗalibi ne, ana buƙata kafin 20 ga wata. Idan ba ya kan kanta, a taimaka a sanar da mu cikin kwana biyu domin mu nema wani wuri. Allah ya saka da alheri."

Mai bayarwa kuma ya sani cewa "babu" da wuri ta fi shiru. A ba da amsa cikin kwana biyu na aiki, tare da dalili: ba mu da wannan shekarar, yana hannun wani, ya lalace, ko bayanin bai dace da abin da ke cikin juzu'in ba. Kowane dalili yana gaya wa mai nema matakin da zai ɗauka.

Ɗaukar kwafi

A ciro juzu'in a tabbatar kan maƙalar da shafukan sun dace da buƙata kafin a taɓa na'ura. A saita sikana a 300 dpi. Rubutu zalla a ɗauke shi da launin toka, taswira da hoton da launi ke da ma'ana a cikinsa a ɗauke su da launi. Baƙi da fari tsantsa yana rage nauyin fayil, amma a tsohuwar takardar da ta yi ja ko kundin da aka buga da tafireta yakan cinye ƙananan haruffa da wasulan Larabci. A haɗa da bangon mujalla ko shafin take da bayansa, inda shekara da mawallafi suke, domin ɗalibi zai buƙace su wajen ambato. A duba ko bayanan ƙasa suna ƙarshen babi ko ƙarshen littafi, da hotunan da aka tara a tsakiya. Babi ba tare da manazartarsa ba rabin kaya ne.

Inda babu sikana, waya tana yi, muddin an kiyaye abu huɗu. A ajiye littafin kusa da taga a inuwa, ba cikin rana ba, kuma a kashe filasha don tana barin farin tabo a takarda mai sheƙi. A riƙe wayar daidai saman shafi, ba a karkace ba. A sa baƙar takarda a bayan shafin idan siriri ne, don kada rubutun baya ya leƙo. Kada a danne ƙashin bayan littafi: zafin Maris da Afrilu da bushewar hunturu suna sa gam ya ƙeƙashe, dannawa ɗaya sai shafuka su zube. A buɗe shi rabi, a tokare ɗaya ɓangaren, a ɗauki shafi ɗaya-ɗaya. A goge ƙura daga gilashin sikana ko idon waya kafin a fara, kuma saboda ɗaukewar wuta a riƙa adanawa bayan kowane shafi goma.

A haɗa komai a fayil ɗaya na PDF, a sa masa suna da lambar buƙata, marubuci da shekara. A buɗe shi a ƙirga shafukan ɗaya bayan ɗaya. Tsallake shafi da yanke gefen rubutu ta wajen ɗinki su ne laifin da aka fi samu, kuma gyaransu yana nufin sake ciro littafin. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabayit 25, don haka fayil mai nauyi a matse shi ko a raba biyu. Idan dole sai ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, domin hoton da aka tura kai tsaye manhajar tana matse shi har ƙananan rubutu su dushe. Laburaren da ya nema ake tura wa fayil ɗin, shi kuma ya miƙa wa mai shi ya rubuta ranar.

Kundin digiri yana son kulawa ta daban. Ba a buga shi ba, kuma sukutum ɗinsa idan ya shiga wayoyi, gobe za a gan shi da sabon bango da sunan wani. A fara tura teburin abubuwan da ke ciki, mai nema ya zaɓi babin da yake so. Cikakken kundi sai da izinin marubuci a rubuce. A kuma duba ko kwafin da ke kanta shi ne wanda aka gyara bayan karewa, a faɗa wa mai nema.

Idan littafi zai hau mota

Ba kowane littafi ke fita ba. Ƙamus, manyan littattafan taswira, rubutun hannu na ajami ko Larabci, kwafi ɗaya tilo na kundi, da littafin da aji guda ke karantawa a wannan zangon, duk suna zama gida. Sauran, kafin a naɗe, a ɗauki hoton bango, ƙashin baya da duk wani lahani, a tura wa mai aro. Wannan hoton ne ke kashe gardama ranar dawowa.

A sa takardar aro cikin littafin mai lambar buƙata da ranar dawowa. A sa shi a leda a ɗaure, sannan kwali mai kauri gaba da baya, sannan ambulan ko katan, a rubuta adireshi a waje a kuma sa wani a ciki. Ledar ba ta damina kaɗai ba ce: a ɗakin kayan bas, ƙunshi yakan kwanta kusa da jarkar mai ko buhun kifi. A kai wa kamfanin bas mai ba da rasit, a rubuta lambar wayar wanda zai karɓa, a tura masa hoton rasit nan take, shi kuma ya karɓo a ranar ya sanar. Hanyar Ngaundere zuwa Garwa zuwa Marwa tana da motoci kullum, abin da ya fito daga Yawunde kuma yana iya biyo jirgin ƙasa zuwa Ngaundere. Daga Marwa zuwa Kuseri, ta Mora da Waza, a ƙara kwanaki a lissafi, musamman daga Yuli zuwa Satumba.

Tsakanin Kuseri da Injamena gadar Ngeli ce kawai, amma iyakar ƙasa ce. A haɗa ƙunshin da wasiƙa mai hatimin laburare, da Faransanci, mai cewa littafin aro ne ba na sayarwa ba. Malaman da ke zirga-zirgar koyarwa ko zaman kare kundi tsakanin jami'o'i hanya ce mai kyau, da sharaɗin su sa hannu a rajista kamar kowa. Girman malami ba ya hana littafi kwana wata uku a but ɗin mota.

Wa'adin mako huɗu ya wadatar, a ƙirga daga ranar isowa ba ranar aikawa ba, da damar ƙarin mako biyu idan an roƙa kafin wa'adi ya cika. Littafin aro a cikin laburare ake karanta shi, ba ya zuwa ɗakin kwanan ɗalibai. Alhakinsa yana kan laburaren da ya aro tun daga fitarsa har komawarsa. Idan ya ɓata, laburare ne ke biyan laburare, sannan ya ji da nasa ɗalibin.

Kuɗi da doka

Tsakanin maƙwabta, hanya mafi sauƙi ita ce kwafi kyauta, kowa kuma ya biya kuɗin motar abin da ya aika: mai bayarwa ya biya zuwa, mai aro ya biya dawowa. A ƙarshen shekara a duba rajista, idan wani ya ɗauki nauyi fiye da kima a daidaita. Biyan sefa ɗari biyar-biyar ta Orange Money ko Airtel Money zuwa wayar ma'aikaci yana jawo zargi ko da mutum ya fi kowa gaskiya. Duk abin da aka karɓa daga ɗalibi, na buga takarda ko na mota, a ba shi rasit. Ga ɗakunan karatun waje masu cajin kuɗi, IFLA tana da katin biya tun 1995: cikakke Yuro 8, rabi Yuro 4. Tunda Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, cikakken kati ya kama kusan sefa 5,250. Amfaninsa shi ne ba a biyan kuɗin banki a kowace buƙata, kuma wanda ya karɓi kati zai iya sake biyan wani da shi.

Haƙƙin marubuci a Kamaru yana ƙarƙashin doka mai lamba 2000/011 ta 19 ga Disamba 2000, a Cadi kuma doka mai lamba 005/PR/2003. Ƙasashen biyu mambobin OAPI ne, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Afirka mai hedikwata a Yawunde. Shugaban laburare ya karanta sassan da suka shafi kwafi don karatu da bincike, ya ajiye su a teburin aiki. A aikace: maƙala ɗaya daga fitowa ɗaya, babi ɗaya daga littafi, ga mutum ɗaya, don bincikensa, ba don sayarwa ba. Mai nema ya sa hannu kan haka a takardar buƙata. Mai bayarwa kada ya tara fayilolin ya mayar da su rumbun da ake rabawa. Mujallar da aka yi rajistarta ta intanet kuwa, abin da yarjejeniyarta ta ce shi ake bi.

Rajista da yarjejeniya

Littafin rajista biyu ake buƙata, na abin da muka nema da na abin da aka nema a wurinmu. Kowane layi ya ɗauki lamba, rana, mai nema, abin da ake nema, inda aka tura, ranar amsa, ranar isowa, ranar dawowa da kuɗin da aka kashe. A riƙe na takarda ko da akwai na kwamfuta. Kowace Litinin a bi layukan da ba a rufe ba: buƙatar da ta kwana biyar babu amsa a kira waya, idan ta kai goma a soke ta a rubuce a tura wani wuri.

Rajistar nan ita ce hujjar sayayya. A Amurka akwai ƙa'idar da ke cewa idan a shekara ɗaya an nemi fiye da maƙala biyar daga fitowar shekaru biyar na baya-bayan nan na mujalla guda, aro ya fara zama madadin saye. Ba dokarmu ba ce, amma ma'auni ne mai kyau. Littafin da aka aro sau uku a shekara ya shiga jerin da za a kai wa shugaban jami'a lokacin kasafi.

Duk wannan a rubuta shi a yarjejeniyar da ba ta wuce shafi biyu ba, shugabannin ɗakunan karatu su sa hannu: abin da ke fita da wanda ba ya fita, kwanakin amsa, wa'adin aro, wa ke biyan me, da yadda ake biyan abin da ya ɓata. A kowane laburare a naɗa mutum ɗaya da mataimakinsa, da adireshin imel na ofis wanda su biyun ke buɗewa, domin idan aka yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki kada buƙatu su bi shi cikin wayarsa. A sabunta sunaye da lambobi a farkon kowace shekarar karatu, a kuma sanar da juna ranakun hutu mako biyu kafin a rufe, don kada ƙunshi ya iso tashar mota babu mai karɓa.